Ƙanina ya sake komawa shan ƙwaya bayan an killace shi sau biyu: anya akwai magani?

Tambaya: Ƙanina ɗan shekara 24 ne, ya shekara huɗu yana shan tiramadol da maganin tari mai kodin. Sau biyu muna kai shi inda aka killace shi, na farko wata biyu, na biyu wata uku. Duk fitowar da zai yi sai a gan shi fes, ya murmure, yana kuka yana rantsuwa ya daina. Ba ya cika wata guda sai ya koma ruwa. Mahaifiyarmu ta gaji ta ce a kore shi daga gida, yayanmu kuma ya ce a sake kulle shi shekara guda. Likita, wannan abu yana da magani kuwa?

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya, ku kuma ya ba ku ladan jinya. Yana da magani, kuma mutane da yawa da suka fi ƙaninki nisa a wannan hanya sun fito sun gina rayuwarsu. Sai dai abin da aka yi masa sau biyun nan ba shi ne maganin ba. An raba jikinsa da ƙwaya na ɗan lokaci, iyakarta ke nan. Wannan matakin farko ne, kuma duk da shi ya fi tayar da hankalin mai kallo, shi ne mafi sauƙi a cikin aikin.

Kafin dogon bayani, akwai maganar da ba za ta jira ba. Makonnin farko bayan fitowa daga killacewa su ne mafi hatsari ga ran mai shan irin waɗannan ƙwayoyi. Tiramadol da kodin dangin ofiyom ne, gidansu ɗaya da mofin da hiroyin. Kodin ma hanta ce take juya wani sashensa ya koma mofin. Mai shan su kullum jikinsa yana sabawa, har ya kai yana haɗiye adadin da zai kwantar da wanda bai taɓa sha ba. Idan ya yi wata biyu ko uku bai sha ba, sabon nan ya zube, amma shi adadin da yake sha a da yake tunawa. Ran da ya koma sai ya ɗauki na da, alhali jikin ya zama na sabon shiga. Ƙwayar ta danne sashen ƙwaƙwalwa mai kula da numfashi, mutum ya kwanta barcin da babu tashi. Wani bincike da aka wallafa a 2007 kan fursunonin da aka sako a jihar Washinton ta Amurka ya nuna cewa a mako biyun farko bayan fitowarsu, hatsarin mutuwa saboda shan ƙwaya fiye da kima ya ninka na sauran jama'a sau 129.

Don haka kowa a gidan ya san alamomin: mutum ya ƙi farkawa ko an jijjiga shi, numfashinsa ya yi ƙasa sosai ko yana wani irin minshari mai kama da shaƙewa, ɗigon baƙin idonsa ya tsuke ya zama kamar kan allura, leɓɓansa su sauya launi. In aka ga haka kada a ce a bar shi ya yi barci ta sake shi. A kwantar da shi ta gefe, a nemi agajin gaggawa nan take. Akwai magani mai suna nalokson da ke kore ƙwayar daga inda ta kama cikin 'yan mintoci, kuma ya dace ki tambayi likita ko za ku iya ajiye shi a gida. Amma aikinsa ba ya wuce minti 30 zuwa 90, ƙwayar kuwa tana iya fin haka daɗewa a jiki, shi ya sa ko mutum ya farfaɗo asibiti dole ne. Tiramadol kuma yana da tasa masifar daban: iyakar abin da likita ke rubuta wa baligi a yini ba ya wuce miligiram 400, kuma idan aka zarce yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Haɗa shi da giya ko ƙwayoyin barci irin su diyazifam yana cikin haɗe-haɗen da suka fi kisa.

To, me ya sa yake komawa?

Ƙwaƙwalwa tana da nata sinadaran rage zafi da kwantar da rai. Idan ana kwarara mata na waje kullum, sai ta daidaita kanta da zuwansu, ta rage jin tasirinsu. Ranar da aka yanke, komai ya juye: hamma, hawaye da majina, gumi, tashin tsikar jiki, ciwon gaɓoɓi, murɗawar ciki, gudawa, rashin barci. Abin yakan fara cikin yinin farko, ya tsananta a rana ta biyu da ta uku, ya lafa cikin mako guda zuwa kwana goma. Mai tiramadol yakan sami ƙari, domin ƙwayar tana taɓa sinadaran da magungunan ciwon damuwa ke taɓawa: fargaba mai tsanani, ruɗewa, jin kamar lantarki na jan jiki. Wannan wahala ita killacewa take magancewa, kuma da ta wuce sai a ga mutum ya yi kyan gani, a ce ya warke.

Abin da ya rage a ciki ba ya nunawa a fuska. Akwai sinadarin da ake kira dofamin, wanda mutane suka ɗauka na jin daɗi ne kawai. Babban aikinsa shi ne ya sa ƙwaƙwalwa ta riƙe abu: wannan yana da muhimmanci, a tuna inda aka same shi, a sake nema. Ƙwaya tana tunzura wannan tsari fiye da yadda abinci ko hira da masoyi za su yi. Duk shan da ƙaninki ya yi a shekara huɗun nan, ƙwaƙwalwarsa tana haɗa shi da wurin da ya sha, da abokan da ke wurin, da lokacin, da halin da zuciyarsa ke ciki. A ƙarshe ganin wurin kaɗai, ko jin muryar abokin a waya, ko kuɗi su shigo hannu, ko ɓacin rai bayan an yi masa faɗa, ya isa ya tayar da ƙawar da ke sa hannu rawa. A inda aka killace shi babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi ya sa nake so ki yarda cewa kukan da yake yi da rantsuwar ba yaudara ba ce. A ranar da yake yin su da gaske yake, domin ba ya jin ƙawar. Ya dawo ɗakinsa na da, da wayarsa ta da, da zaman banza na da, sai abin ya taso masa, ba a kuwa koya masa ko dabara ɗaya ta fuskantarsa ba.

Tarihi ya ba mu misali mai ƙarfi a kan wannan. A lokacin yaƙin Biyetnam, kusan kashi 20 cikin 100 na ƙananan sojojin Amurka da aka bincika sun ce sun kamu da jarabar hiroyin ko ofiyom a can. Hukumomi suka tsorata da abin da zai faru in sun dawo gida, aka ɗora wa wata masaniya mai suna Lee Robins aikin bin sawunsu a farkon shekarun 1970. Abin da ta gano ya ba kowa mamaki: a shekarar farko kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka kamu suka sake kamuwa, cikin shekara uku kuma kusan kashi 12. Sun bar wurin, sun bar tsoron yaƙi, sun bar arhar ƙwayar da abokan shanta, suka koma wata duniya dabam. Ƙaninki akasin haka ya samu: an cire shi daga duniyarsa na wata uku, aka mayar da shi cikinta yadda ya bar ta.

Ki ƙara da cewa sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai auna sakamako ya ce a dakata, ba ya gama girma sai wajen shekara 25, shi kuwa ya fara sha yana da 20. Sannan bayan dainawa akwai watannin da komai ke zama salam: abinci ba daɗi, hira ba daɗi, barci ya ƙi, mutum yana jin kansa fanko. Wannan yana gyaruwa, amma da watanni ake lissafinsa, wani lokaci har ya haura shekara. Da yawa a nan suke faɗuwa, ba don neman maye ba, sai don su ji sun dawo mutane.

Shawarar yayanku ta kulle shi shekara guda na fahimci inda ta fito, amma ban goyi bayanta ba. An gwada wannan a ƙasashe da dama kuma an auna sakamakon. A Malesiya an kwatanta masu shan dangin ofiyom da aka tsare dole a cibiyoyin gwamnati da waɗanda suka je cibiyoyin sa-kai inda ake ba da metadon, maganin da ke kwantar da ƙawar ƙwayar. Binciken da ya fito a 2017 ya nuna cewa rabin waɗanda aka tsare dole sun koma sha cikin kwana 31 da fitowa, su kuwa na sa-kai sai da aka kai kwana 352 kafin rabinsu su koma. Tun a 2012 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa suna kiran a rufe irin waɗannan wuraren tsarewa. Duk inda ake duka, ko ɗauri, ko horo da yunwa da sunan gyaran hali, ba wurin magani ba ne. Yana ƙara wa mutum raunin zuciya da zai fito yana neman abin da zai danne shi. Korar da mahaifiyarku ta ambata kuwa maganar gajiya ce, kuma tana da hakkin gajiya. Amma korar tana miƙa shi ne ga mutanen da kuke son raba shi da su.

Abin da nake ba ku shawara shi ne ku fara da likitan ƙwaƙwalwa ko cibiyar da ke da likita mai kula da masu shaye-shaye, a yi masa cikakken bincike. Me yake sha, nawa, tare da me? Akwai ciwon jiki da ya fara shan ƙwayar dominsa? Akwai ciwon damuwa, ko fargaba, ko wani abin firgici da ya taɓa samunsa? Waɗannan suna yawan tafiya tare da shaye-shaye, kuma in ba a magance su ba, an bar ƙofar a buɗe. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In yana haɗawa da giya mai yawa ko ƙwayoyin barci, kada a yanke masa su rana ɗaya a gida. Dainawar dangin ofiyom azaba ce amma ba kasafai take kisa ba, ta giya da ƙwayoyin barci kuwa tana iya kawo jijjiga da ruɗewar da ke kai mutum lahira. A hankali ake rage su a ƙarƙashin kulawar likita.

Ga masu dangin ofiyom, abin da ya fi kowane ƙarfin hujja shi ne magani na sha. Metadon, wanda likitoci biyu, Vincent Dole da Marie Nyswander, suka nuna amfaninsa a birnin Niyok na Amurka a 1965, da kuma bufrenofin da ya zo daga baya. Dukansu suna zama a wurin da ƙwayar ke kamawa a ƙwaƙwalwa, amma a hankali suke aiki kuma suna daɗewa, saboda haka in an daidaita adadin mutum ba ya maye, ba ya shiga wahalar dainawa, ƙawar kuma ta lafa. Yana iya zuwa aiki, ya yi karatu, ya zauna da iyali. Bincike da yawa sun nuna cewa masu karɓar waɗannan magunguna hatsarin mutuwarsu yana raguwa da kusan rabi ko fiye. Faransa ta ba likitocin gama-gari izinin rubuta bufrenofin a tsakiyar shekarun 1990, kuma cikin 'yan shekaru mace-macen shan hiroyin fiye da kima suka ragu da kusan kashi 80 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan biyu a jerin magungunan da ba makawa sai da su a 2005.

Na san abin da za a ce a gida: ai an musanya ƙwaya da ƙwaya ne. Ni ba haka nake auna shi ba. Abin da ya mayar da shan ƙwaya ciwo shi ne mutum ya rasa iko da kansa, ya yi ƙarya, ya ɗauki abin da ba nasa ba, ya zubar da karatu da aiki da mutunci yana ji yana gani. Wanda ke shan magani ƙayyadadde a hannun likita, rayuwarsa tana komawa daidai, ba ya cikin wannan hali. Ba kowane mai kodin ko tiramadol ne zai buƙaci wannan hanya ba. Wani rage masa ake yi sannu a hankali, wani kuma bayan ya yi kwana bakwai zuwa goma babu ƙwayar a jikinsa sai a ba shi naltirekson, wanda ke toshe wurin gaba ɗaya ta yadda ko ya sha ba zai ji komai ba. Amma mutumin da ya shekara huɗu yana sha, ya faɗi sau biyu bayan an raba shi da ita, ya cancanci a zauna a tattauna wannan zaɓi da shi da gaske. Kuma in an fara, kada dangi su matsa a tsayar bayan wata biyu don an ga ya yi kyau. Gaggawar tsayarwa tana cikin manyan dalilan komawa.

Magani kaɗai ba ya koya wa mutum zaman duniya, nan ne aikin masanin halayyar ɗan Adam yake shigowa. Akwai salon tattaunawa da wani masani mai suna William Miller ya fara bayyanawa a 1983, wanda aka gina a kan lura da cewa mai shaye-shaye zuciyarsa biyu ce: yana son dainawa, yana kuma tsoron rayuwa babu ƙwayar. In ka tsaya kana jero masa illolinta, sai ya koma yana kare ta. In ka iya tambaya ka yi shiru, shi da bakinsa zai kawo dalilan dainawa, kuma abin da mutum ya ji daga bakinsa ya fi zama. Sai kuma horon gyara tunani da ɗabi'a, inda ake zama da shi a bi komawarsa ta baya daki-daki: ranar da ka sha, me ya faru da safe, wa ka gani, me ka ce wa kanka? Daga nan a tsara abin da zai yi in irin ranar ta sake zuwa, har a gwada yadda zai ce wa aboki a'a. Ana koya masa cewa ƙawa tana tasowa ta kai ƙololuwa sannan ta sauka da kanta, yawanci cikin ƙasa da awa guda, in bai biye mata ba. Akwai ma tsarin da ake ba mutum 'yar kyauta duk lokacin da gwajin fitsarinsa ya fito babu ƙwaya. Wasu na yi masa kallon cin hanci, amma ga masu hodar iblis da makamantanta, waɗanda har yanzu ba su da maganin sha tabbatacce, yana cikin hanyoyin da suka fi aiki. Ƙungiyoyin masu murmurewa da ke haɗuwa suna ƙarfafa juna, irin wadda aka kafa don mashaya giya a Amurka a 1935, suna ba da abin da likita ba zai iya bayarwa ba, wato sababbin abokai da suka san ciwon daga ciki. Ibada da addu'a ma suna riƙe mutane da yawa, tare da magani, ba a madadinsa ba.

Naku aikin a gida ya fi yadda kuke zato girma, kuma shi ma an yi bincike a kansa. Wani masani mai suna Robert Meyers ya tsara horo na musamman ga iyalan mutumin da ya ƙi zuwa magani. A gwajin da aka wallafa a 1999 kan iyalan mashaya giya, waɗanda aka yi wa wannan horo kashi 64 cikin 100 sun shawo kan nasu ya shiga magani. Waɗanda aka shirya su yi masa taron dangi su tsare shi da magana, kashi 30 suka samu. Waɗanda aka tura ƙungiyar tallafa wa iyalai kawai, kashi 13. Abin da ake koyarwa ba ɓoyayye ba ne. Kada a yi masa magana mai muhimmanci yana cikin maye, ɓata baki ne. A jira ya wartsake, mutum ɗaya ya yi maganar, a taƙaice, ya faɗi abin da ya gani da yadda ya ji: "Jiya na kasa tashinka, na tsorata ƙwarai," maimakon "Ka zama abin kunya a gidan nan." Ranar da yake garau a sake masa fuska, a ja shi cikin hira da harkokin gida, ya ga bambancin ranar da ya sha da ranar da bai sha ba. In ya sha, a janye ba tare da zagi ba. Sannan a daina share masa ɓarnar da ya yi: kada a biya masa bashin ƙwaya, kada a yi ƙarya a madadinsa wurin aiki ko makaranta, kada a ba shi kuɗi a hannu, in abu yake buƙata a saya masa. Abinci da wurin kwana da kai shi asibiti kuwa ba a yin ciniki da su. Wahalar wannan tsari ita ce sai bakinku ya zo ɗaya. In ke kin hana, wani ya bayar a ɓoye, an koma gidan jiya. Mahaifiyarku kuma a duba lafiyarta, domin masu jinyar irin wannan ciwo su ma suna kwanciya.

Ku sa a ranku cewa zai iya sake zamewa ko da an bi duk wannan. Wani nazari da ya shahara tun 2000 ya nuna kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani suna komawa sha cikin shekara guda, adadin da bai fi na masu hawan jini ko asma da ciwonsu ke sake tashi ba. Ba wanda ke cewa maganin hawan jini ƙarya ne don jinin ya sake hawa. Komawa ake yi wurin likita a gyara. Abin da ke mayar da zamewar rana ɗaya ta zama ta shekara shi ne tunanin "tunda na ɓata, bari in ƙarasa", kuma kunya da tsoron faɗa su ke ciyar da wannan tunani. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun yana lafiya ku yi yarjejeniya da shi cewa in ya sha, wa zai gaya wa, kuma washegari za a koma wurin likita ba tare da shari'a ba. Maganin da bai kai wata uku ana binsa ba, ba kasafai yake tasiri ba, kuma bibiya ta shekara guda ko fiye ita ta fi dacewa da irin halinsa. Ba lallai a kwance ba; da yawa suna zuwa daga gida.

In za ku zaɓi cibiya, ku tambaya ko akwai likita da ke duba marasa lafiya a kai a kai, ko suna ba da magungunan da na ambata ko suna tura mutum inda ake bayarwa, ko ana zama da iyali, da kuma abin da suka tanada bayan sallama: wa zai gani a makon farko, me zai riƙa yi da yininsa, ina zai zauna. In amsar ita ce "in ya fito ya warke", ku nemi wani wurin. Ranar ganin likita kuma ya tafi da kwalaye ko kwalaben abin da yake sha, ku bar shi ya shiga shi kaɗai na ɗan lokaci. A gabanku zai rage adadin saboda kunya, likita kuwa da wannan adadin zai auna maganin da zai ba shi.